Hujin da ya riƙa ɓullowa a shimfiɗar DPPC: nazarin wata matsala ta kwaikwayon kwamfuta

Shekaru da dama masu kwaikwayon molekul a kwamfuta sun yi ta cin karo da abu guda. Sai su jera molekul ɗin DPPC, wani sinadari mai maiƙo da ke cikin huhu, a saman ruwa, kauri ɗaya tak, su ba kowanne fili gwargwadon wanda ake ba shi a ɗakin gwaji, su saki lissafi ya yi ta tafiya. Can sai shimfiɗar ta yage. Molekul su ja jiki su cure wuri guda, huji ya buɗe, ruwa ya bayyana tsirara. A ɗakin gwaji kuwa, a daidai wannan faɗin fili, shimfiɗar lafiyarta ƙalau, ta rufe ruwan ruf. Ko da hujin bai buɗe ba, alƙaluman matsi da kwamfuta ke bayarwa sukan kauce wa na gwaji da tazarar da ba a iya kawar da kai daga gare ta, wani lokaci ma su faɗa ƙasa da sifiri.

Abin da hankali zai fara kawowa shi ne an zana molekul ɗin DPPC ba daidai ba. Akwai gaskiya kaɗan a nan, amma babban laifin na ruwan da ke ƙarƙashinsa ne.

Dalilin da ya sa aka damu da wannan molekul

DPPC safaktan ne, wato sinadari mai hali biyu kamar sabulu: kansa na son ruwa, jelarsa na gudun ruwa. Jela biyu gare shi, kowacce da atom 16 na kabon, kuma duka jikinsa atom 130 ne. Idan ya sami kansa a inda ruwa ya haɗu da iska, sai ya tsoma kai cikin ruwa ya miƙe jela sama, ta haka ya rage tsaurin saman ruwan. Wannan tsauri shi ne ƙarfin da ke sa saman ruwa ya riƙa neman tsukewa, kuma a zafin digiri 25 ya kai kimanin 72 a ma'aunin mN/m, wato milinyutan a kowace mita.

A cikin huhu wannan adadi batun rai ne. Jakunkunan iska na huhu, miliyan ɗari-ɗari, kowacce cikinta shafe yake da siririn ruwa. Dokar Laplace ta ce matsin da ke neman tsuke irin wannan jaka shi ne ninki biyu na tsaurin saman ruwa a raba da rabin faɗin jakar. A ɗauki jaka mai rabin faɗi na milimita 0.1, ruwan cikinta kuma mai tsaurin 70: matsin zai kai paskal 1,400, kamar nauyin ruwa mai zurfin santimita 14, kuma yana ƙaruwa duk sa'ad da jakar ta ƙanƙance wajen fitar da numfashi. Idan tsaurin ya sauka zuwa 2, matsin ya dawo paskal 40. Kurt von Neergaard ya nuna tun 1929 cewa tsaurin saman ruwa na da babban hannu a tsukewar huhu. Richard Pattle a Ingila a 1955 da John Clements a Amurka a 1957 suka tabbatar da akwai wani sinadari a huhu mai karya wannan tsauri. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa jariran bakwaini da ke mutuwa da ciwon sarƙewar numfashi ba su da isasshen wannan sinadari, sannan a 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya ba da rahoton jarirai 10 da aka zuba wa safaktan ta maƙogwaro. Kusan kashi 90 cikin 100 na safaktan ɗin huhu maiƙo ne, sauran furotin, kuma a cikin maiƙon DPPC ne ya fi kowanne yawa. Shi ne kuma ke iya jure matsi har tsaurin ya kusa sifiri, saboda jelolinsa miƙaƙƙu ne, suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ba sa narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 41, sama da zafin jikin mutum.

Abin da ɗakin gwaji ke nunawa

Na'urar awon tsohuwa ce. Agnes Pockels ta Braunschweig a Jamus ce ta fara ƙera irinta a gida, aka buga wasiƙarta a mujallar Nature a 1891 da taimakon Lord Rayleigh. Irving Langmuir ya inganta ta a 1917, shi ya sa ake kiranta kwamin Langmuir. Kwami ne marar zurfi cike da ruwa, da shinge mai motsi a samansa. A ɗiga safaktan, a riƙa turo shingen a hankali, filin kowane molekul na raguwa, ana auna tsaurin saman ruwan. Abin da ake rubutawa shi ne matsin shimfiɗa: tsaurin ruwa tsantsa, a debe tsaurin ruwa mai shimfiɗa. A riƙe wannan debewar, domin a kanta duk rikicin ya rataya.

Zanen layin da ke nuna yadda matsin DPPC ke sauyawa da filin kowane molekul a zafin ɗaki sananne ne. Matsi na fara tashi idan filin kowane molekul ya sauko wajen murabba'in nanomita 0.9 zuwa 1 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A nan jeloli a sake suke, suna lanƙwasa yadda suka ga dama. Sai a kai wani wuri da layin zai kwanta: ana ta turo shinge, matsi ya ƙi tashi sosai. Wannan na faruwa a ƙaramin matsi, wajen 5 zuwa 10 ko sama kaɗan, gwargwadon zafi. Dalili shi ne shimfiɗar ta rabu biyu, tsibirai na molekul masu jere a tsuke suna girma cikin tekun molekul masu sakakkun jeloli. Ana ganin tsibiran da madubin ƙara girma mai amfani da sinadari mai ƙyalli, faɗinsu maikuromita da yawa (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne). Bayan tsibirai sun cinye fili, wajen 0.5, sai matsi ya miƙe tsaye har kusan 70, inda shimfiɗar ke karyewa.

Kwami yana ba da layi, amma ba ya nuna yadda jela ke karkata, ko yawan ruwan da ke manne da kan molekul, ko yadda bakin tsibiri yake. Don ganin waɗannan aka koma ga kwamfuta.

Yadda ake gina kwaikwayon

Hanyar ita ce bin motsin kowane atom da dokokin Newton. Aneesur Rahman ya yi wa agon, wata iskar gas da aka mayar ruwa-ruwa, haka a 1964 da atom 864, shi da Frank Stillinger suka yi wa ruwa a 1971 da molekul 216. Ana lissafa ƙarfin da ke kan kowane atom, a matsar da shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, a sake lissafi. Taki ɗaya yawanci femtosakan 2 ne, ke nan kafin a cika maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, sai an yi taki miliyan 500.

Domin shimfiɗa, ana yin akwati mai ɗan tsawo. A tsakiyarsa a sa fallen ruwa, a jera DPPC a fuskarsa ta sama da ta ƙasa, a bar sarari babu komai a saman jelolin ya tsaya a madadin iska. Bangon akwatin na jeka-ka-dawo ne: abin da ya fita ta dama zai shigo ta hagu, don kada molekul su san suna cikin akwati. Misali, akwati mai nanomita 10 a kowane gefe yana ɗaukar molekul 200 a kowace fuska idan filin kowanne 0.5 ne. Ruwa mai kaurin nanomita 6 a ƙarƙashinsu ya kai molekul 20,000. A haɗa duka, atom sun haura 110,000.

Tsaurin saman ruwa kuma daga matsi ake fitar da shi, bisa tafarkin da John Kirkwood da Frank Buff suka shimfiɗa a 1949. A ɗauki matsin da ke tsaye, a debe matsakaicin matsin da ke kwance, a ninka da rabin tsawon akwatin, tunda fuska biyu ce. A akwati mai tsawon nanomita 20, tsaurin 50 na nufin bambancin matsi na bar 50 kacal (bar ɗaya kusan matsin iskar da ke kewaye da mu ne), alhali matsin da kwamfuta ke gani daga taki zuwa taki na iya hawa da sauka da abin da ya kai haka ko ya fi. Sai an daɗe ana tara alƙaluma kafin matsakaici ya zauna. Wannan kaɗai ya isa ya sa ayyukan farko, masu tsawon 'yan nanosakan, su riƙa saɓa wa juna.

Ƙarfin da ke tsakanin atom kuwa daga wani kundin ƙa'idoji ake ɗauko shi: cajin lantarkin kowane atom, girmansa, yadda yake jan maƙwabcinsa, taurin kowace mahaɗa. Akwai kundaye irin su CHARMM da AMBER da GROMOS da OPLS, kuma kowanne da samfurin ruwan da aka daidaita shi da shi. CHARMM36 na maiƙo, wanda Jeffery Klauda da abokan aikinsa suka fitar a 2010, da wani nau'in ruwan TIP3P aka daidaita shi.

Inda gizo ke saƙar

William Jorgensen da abokan aikinsa ne suka fitar da TIP3P a 1983. Ɗigo uku ne, ɗaya na oksijin, biyu na haidurojin, kowanne da caji tsayayye. An daidaita shi ya ba da nauyin ruwa da zafin da ake bukata kafin ya zama tururi, wato halin ruwa a can ciki, inda kowane molekul ke kewaye da 'yan'uwansa. Ba a gina shi don saman ruwa ba. A 2007 Carlos Vega da Enrique de Miguel a Sifen suka auna tsaurin saman samfuran ruwa da aka fi amfani da su a zafin kelbin 300, wato wajen digiri 27. TIP3P ya ba da kimanin 52, SPC kimanin 55, SPC/E wajen 64, TIP4P/2005 wajen 69. Ruwan gaske a wannan zafi kusan 72 ne. Ke nan ruwan da aka fi ɗora maiƙo a kansa ya gaza da maki 20, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Me ya sa aka daɗe ba a damu ba? Saboda yawancin masu kwaikwayon maiƙo fatar tantanin halitta suke nazari, mai falle biyu, ruwa ta sama ruwa ta ƙasa. A can babu inda ruwa ke fuskantar iska, don haka aibin na ɓoye, kuma sakamakon na fitowa da kyau. Ga shi TIP3P ba shi da tsadar lissafi. Sai aka ɗauko kayan aikin da suka yi nasara a falle biyu aka kawo su falle ɗaya, inda saman ruwa shi ne rabin labarin.

Hujin kansa lissafin riba da asara ne. Shimfiɗa na bazuwa a kan ruwa ne domin barin ruwa tsirara na da tsada: kowane yanki da aka bari a buɗe, sai an biya shi da kuzari daidai da tsaurin ruwa tsantsa. Muddin tsaurin wurin da ke rufe bai kai na ruwa tsirara ba, rufewa ta fi araha, shimfiɗar za ta zauna. Ranar da ya zarce, buɗe huji ya fi riba. A ruwan gaske iyakar 72 ce. A TIP3P iyakar na wajen 52. To shimfiɗar DPPC da ke da matsin 8 a ɗakin gwaji, tsaurinta 64 ne, ƙasa da 72, don haka a rufe take. A ɗora ta a kan ruwan da iyakarsa 52, ta riga ta wuce gona da iri da maki 12. Wannan lissafi na kusa-kusa ne, domin sauya ruwa na taɓa tsaurin wurin da ke rufe shi ma, sai dai bai taɓa shi kamar yadda yake taɓa ruwa tsirara. Abin da ya biyo baya shi ne duk yankin da matsinsa na gaske bai kai 20 ba ya shiga hatsari, kuma a cikin wannan yanki ne layin DPPC ke kwanciya, inda tsibirai ke fitowa. Wato wurin da aka fi son gani shi ne wurin da samfurin ya fi rauni.

Ƙaramin akwati da gajeren lokaci kan ɓoye matsalar ta wata hanya. Huji na bukatar ya kai wani girma kafin ya ɗore, saboda bakinsa ma na da tsada. A ƙaramin akwati ba ya samun sararin buɗewa, sai shimfiɗar ta zauna a miƙe da ƙarfin tsiya, kwamfuta ta ba da matsi ƙasa da sifiri. Da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, akwatuna suka faɗaɗa, lokaci ya tsawaita, sai hujin ya fito fili.

Sannan ga tambayar da kowane mai wannan aiki ya sha fuskanta: wajen debewa, wane adadi za a sa a matsayin tsaurin ruwa tsantsa, 72 na gaske ko 52 na samfuri? An yi duka biyun a rubuce-rubuce. Wanda ya sa 52 ya bi ƙa'ida, amma layinsa zai zauna can ƙasa. Wanda ya sa 72 layinsa zai matso kusa da na gwaji, ya yi kyau a ido. A ganina na biyun ya fi hatsari, domin ya gyara alƙalami ne a kan takarda, molekul ɗin da ke cikin akwati kuwa ruwan 52 suke ji, da shi suke yanke shawarar bazuwa ko curewa. Hoton tsarin da za a ciro daga wannan akwati bai san an sauya lamba ba. Susan Duncan da Ronald Larson na Jami'ar Michigan sun tattara layukan DPPC na gwaji da na kwaikwayo a 2008 suka jera su, sai ga na kwaikwayo sun watse, na gwajin ma ba su hau kan juna ba, saboda bambancin saurin turo shinge da irin na'ura da ruwan da aka yi amfani da shi. Idan abin da ake auna kai da shi yana da faɗi haka, da sauƙi mutum ya sami layi ɗaya da ya yi kama da nasa ya ce an dace.

Akwai ƙarin wata ɓaraka daga yadda ake yanke lissafi. Jan da atom ke yi wa juna daga nesa rauni gare shi, don haka akan daina lissafa shi bayan nanomita 1 zuwa 1.2. A tsakiyar ruwa abin da aka yar ta kowane ɓangare daidai yake, ana iya cike shi da gyara mai sauƙi. A saman ruwa kuwa gefe ɗaya cike yake, ɗaya fanko, sai yankewar ta rage tsaurin da 'yan maki. Mutum biyu masu samfuri ɗaya, in wurin yankewarsu ya bambanta, ba za su sami adadi ɗaya ba.

Gyaran

A 2014 Saeed Izadi da Ramu Anandakrishnan da Alexey Onufriev na Virginia Tech suka fitar da samfurin ruwa mai suna OPC. Ɗigo huɗu ne: cajin da ya kamata ya zauna a kan oksijin an matsar da shi zuwa wani ɗigo marar nauyi a tsakanin haidurojin biyu, kamar yadda dangin TIP4P ke yi, amma an zaɓi wuraren cajin ne domin su kwaikwayi yanayin lantarkin da ke kewaye da molekul ɗin ruwa. Tsaurin samansa ya fito kusa da na gaske. A 2018 Matti Javanainen da Antti Lamberg da Lukasz Cwiklik da Ilpo Vattulainen da Samuli Ollila suka buga aiki a mujallar Langmuir inda suka bar maiƙon CHARMM36 yadda yake, suka sauya ruwan kawai zuwa OPC. Layukan DPPC da na POPC, wani maiƙo mai lanƙwasasshiyar jela ɗaya, suka matso kusa da na gwaji, shimfiɗar ta daina yagewa a inda bai kamata ba, kuma aka ga yanki mai tsukakkun jeloli zaune tare da mai sakakku a akwati ɗaya. A 2022 Carmelo Tempra da Ollila da Javanainen suka faɗaɗa gwajin zuwa samfuran ruwa da yawa, sakamakon ya tsaya a kan magana ɗaya: sai tsaurin ruwan ya yi daidai kafin shimfiɗar ta yi daidai.

Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi shi ne abu ɗaya tak aka sauya. Da an taɓa cajin kan DPPC ko jan da ke tsakanin jeloli har layi ya hau kan na gwaji, da an bar jaki ana dukan taiki, kuma da an lalata samfurin da ke aiki lafiya a falle biyu. Gwajin da zai tona asirin matsalar tun farko ma ba shi da tsada: fallen ruwa zalla, molekul dubu kaɗan, babu safaktan ko ɗaya, a auna tsaurinsa da saitin da za a yi babban aikin da shi. Kwamfutar tebur ta isa.

Marubutan 2018 da kansu “kusan daidai” suka kira sakamakonsu, kuma sun yi gaskiya. An daidaita CHARMM36 da TIP3P ne, don haka aura masa wani ruwa na iya sauya yadda kan molekul ke jiƙa, dole a sake duba halinsa a falle biyu. Ta ɓangaren masu CHARMM kuma, a 2021 an sake daidaita kundin maiƙon domin ya yi aiki da hanyar da ke lissafa jan nesa gaba ɗaya ba tare da yankewa ba, wanda ya rufe waccan ɓaraka ta biyu.

Girma kuwa ba ruwansa da samfurin ruwa. Tsibiri mai faɗin maikuromita 10 ya ninka akwati mai nanomita 10 sau 1,000 a kowane gefe, sau miliyan a fili. Abin da ake gani a akwati ɗan gutsure ne mai nanomita kaɗan, kuma a wannan girma kuzarin bakin tsibiri na da nauyi ƙwarai, shi ya sa layin kwaikwayo ba ya kwanciya sumul kamar na kwami. Masu son ganin manyan abubuwa sukan koma ga samfurin Martini na ƙungiyar Siewert-Jan Marrink a Groningen ta Holan, wanda ke dunƙule manyan atom huɗu su zama ƙwallo ɗaya, DPPC ya dawo ƙwallo 12, taki ya ninka sau goma ko fiye. Da shi ne Svetlana Baoukina da Peter Tieleman na Calgary a Kanada da abokan aikinsu suka nuna a 2008 yadda shimfiɗa ke karyewa idan matsi ya yi yawa: ta fara lanƙwasa, sannan ta naɗe ta nutsa cikin ruwa a matsayin falle biyu da ke manne da ita. Wannan ya dace da tunanin cewa huhu na ajiye rarar safaktan a ƙarƙashin shimfiɗa lokacin fitar da numfashi, ya dawo da shi lokacin shaƙa. Sai dai tsaurin saman ruwan Martini ya fi na TIP3P ma ƙasa, don haka hotonsa na yadda abu ke faruwa ake ɗauka, alƙaluman matsinsa a ƙaramin matsi kuwa sai da taka-tsantsan.

Numfashi ɗaya na ɗaukar daƙiƙa huɗu ko biyar, kwaikwayon atom-atom kuwa a maikurosakan yake tsayawa, tazarar ninki miliyan. Safaktan ɗin huhu na gaske kuma ba DPPC zalla ba ne: akwai maiƙo masu lanƙwasasshiyar jela, da masu caji, da kolestarol, da furotin huɗu, SP-A da SP-B da SP-C da SP-D, waɗanda biyu na tsakiya ke taimaka wa shimfiɗa ta naɗe ta kuma warware. Duk wanda aka ƙara a akwatin, sai an sake tambayar ko ƙa'idojinsa sun jitu da OPC, tunda yawancinsu da TIP3P aka daidaita su.